Katin Abinci Har Disamba

San Antonio, farkon Yuni

Tsohuwata Araceli,

Gaisuwa mai yawa daga ni da 'ya'yanki uku. Ina fata kin sauka lafiya, kuma kifayen Alaska sun karɓe ki hannu bibbiyu, ko da yake Ismael ya ce ba su da hannu. Mu nan kowa ƙalau. Nayeli na nan da kumburin bakinta na 'yan shekara goma sha biyu, Ismael lafiya har ta yi masa yawa, Paloma kuwa ta yi kukanki ta gaji ta haƙura. Gwiwata tana yadda kika bar ta. Ita ke gaya mini ranar da za a yi ruwa, kuma ta fi mutumin talabijin faɗin gaskiya.

Tunda kin ce waya ba ta kamawa a can sai mutum ya hau tulin akwatuna, ga ni na koma biro da takarda. Rabona da dogon rubutu tun aji takwas, shekarar da na bar makaranta na hau rufin gidajen mutane, inda na zauna lafiya lau har ranar da na sauko ba ta tsani ba. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun guduma ne.

Yanzu ki samu wuri ki zauna, don na yi abin da ba ki sa ni ba.

Kin san girkina. Ran farko na dafa wake, Ismael ya jefa ƙwaya ɗaya a bango, ta dawo masa. Kashegari na yi shinkafa, sai da muka sa wuƙa muka yanka. To ina wurin wankin kaya sai wata mata ta ba ni labari. Kin tuna katin shiga wurin wasan nan mai lilo da majaujawa, na shekara guda, wanda yayanki Hilario ya saya mana da Kirsimeti, muka je sau ɗaya muka jefa a aljihun tebur? Ashe ana ƙara kuɗi a kansa ya zama katin abinci. Biya ɗaya ake yi. Daga nan duk ranar da mutum ya shiga yana da abincin rana da na dare, ga babban kofi da ake cika masa da lemo sau nawa ya ga dama. Na ce mata babu mai wautar da zai sayar da abu haka. Ta ce 'ya'yanta biyu a can suka yi kumatu bara.

Na ɗebi rabin kuɗin cefanen da kika bari na sayo mana huɗu. Kada ki yi ihu, kifi zai firgita. Ki duba kawai: babu wanke-wanke, babu ƙona tukunya, yara suna hutun makaranta kuma ga wurin da zan zuba su. Su masu wurin sun yi lissafinsu ne a kan mutanen da ke da aikin yi. Ba su san da ni ba.

Naki mai ƙafa ɗaya da rabi,
Beto

Alaska, ƙarshen Yuni

Tsoho,

Na samu takardarka. Jirgin da ke kawo wasiƙu ƙarami ne, in akwai hazo ba ya zuwa, shi ya sa ta daɗe a hanya. Ina lafiya. Yatsuna sun kumbura, zoben ma na cire na rataya a wuya. Kifi ya shigo da yawa, muna tsaye muna yankawa tun safe har lokacin da ya kamata a ce dare ya yi, amma rana ba ta faɗuwa a nan. Mu shida ne a ɗaki. Warin kifi ya shiga gashina, na daina faɗa da shi.

Na karanta maganar katin sau biyu. Ban yi ihu ba, ba ni da ƙarfin yi. Amma Beto, wa ke kai 'ya'yansa cin abinci inda mutane ke zuwa a juya su su yi amai? Da me za ku riƙa zuwa, tunda ba mu da mota? Gwiwar fa? Likita ya ce ka riƙa ɗaga ta sama, bai ce ka bi layi da ita ba.

An riga an biya, sai ku ci. Ka tabbata Paloma tana cin wani abu mai ganye. Ka riƙa taje mata kai daga ƙasa zuwa sama, ba daga sama ba. Ka rubuto mini gaskiya ko abin yana da amfani, ba labarin ban dariya ba.

Ka sumbaci yaran.
Araceli

San Antonio, tsakiyar Yuli

Ranki ya daɗe, shugabar masu yanka kifi,

Muna gaishe ki, muna tambayar yatsu. Mu lafiya, sai zafi. Jiya kwalta ta kama takalmin Ismael ta ƙi saki.

Kin nemi gaskiya, ga ta. Mukan fita da hantsi, mu hau bas, mu sauka, mu jira wata, mu hau. A ƙofa ana duba hoton kowa a kan katinsa, nawa kuwa na fito kamar wanda 'yan sanda ke nema. Sai mu wuce kai tsaye layin kaza. Akwai abu ɗaya da matar wurin wanki ta manta ba ta gaya mini ba: tsakanin abincin rana da na dare sai an yi awa huɗu, kafin nan injin ba ya karɓar katin ko da mutum zai yi masa kuka. Komawa gida a dawo kuma ya fi ƙarfin gwiwa. Saboda haka a ciki muke wuni.

Na samu benci a inuwa kusa da majaujawa, ya zama ofishina. Daga nan nake kallon mutane suna biyan kuɗi a ɗaga su sama a juye su ƙafa a sama kai a ƙasa. Ni da na yi irin wannan kyauta daga rufin bene, har yau ban ga abin marmari a ciki ba. Ma'aikatan duk sun san mu. Yarinyar da ke zuba kaza da ta hango ni sai ta ce, "Kawu, yau ma?" Na ce mata ranar da ba ta gan ni ba ta kira asibiti. Akwai wani da ke yawo cikin rigar zomo yana ɗaukar hoto da yara. Rannan ya zo ya zauna a bencina, ya ɗaga kan zomon kaɗan yana shan iska, ashe dattijo ne sa'ana. Na miƙa masa kofina.

Satin farko Ismael ya hau komai har sau ba adadi. Yanzu littafi yake tahowa da shi. Paloma ba ta kai tsawon da ake bari a hau manyan lilon ba, kullum sai ta je ta tsaya jikin sandar awo ta ɗaga dugadugai, mai tsaron ya girgiza kai, mu dawo. Nayeli ita ce uwarmu, ita ke riƙe katunan, ita ke tuna mini lokacin magani. Shekaranjiya da safe Paloma ta tambaye ni, "Baba, yau ma dole mu je wasa?" Da irin muryar da nake tambayar ko yau Litinin ce.

Abincin: kaza soyayya, dankali soyayye, fiza, faifan burodin nan mai cuku, da burodi mai nama a tsakiya. Maganar ganye, akwai guda ɗaya da suke sakawa a cikin burodin, na nuna wa Paloma shi sun gaisa. Ita ɓawon fiza kawai take ci yanzu. Na dare mukan ci rabi, mu naɗe rabi a takarda ya zama karin kumallo.

Ko yana da amfani? Tsohuwa, tun sati na uku muka cinye kuɗinmu, yanzu nasu muke ci. Kuma na sa Nayeli ta karanta mini ƙananan rubutun da ke bayan katin: yana aiki har ƙarshen Disamba. Ki kwantar da hankalinki. Ba a taɓa samun gidan da ya ƙoshi kamar naki ba.

Mijinki, babban baƙon layin kaza,
Beto

Alaska, farkon Agusta

Beto,

Ina gaishe ku. Jiki da sauƙi, kifin ya fara raguwa, jiya har na yi barci mai mafarki. Na karanta wa matan ɗakinmu labarin zomon, wata ta yi dariya har ta ƙware.

Akwai magana. Aikin nan zai ƙare farkon Satumba. Amma kamfanin yana da wata masana'anta a wani tsibiri, ta lokacin sanyi, suna neman waɗanda za su wuce can har gab da Kirsimeti. An kira sunana. Albashin ya fi na nan. In na yi, za mu iya sayen a-kori-kurar da kake ta magana, ka riƙa ɗaukar ƙananan ayyuka a ƙasa ba sai ka sake hawa rufi ba.

Da farko na ce a'a a raina. Sai na tuna ka ce katin yana ci har Disamba, kuma ga shi kuna ta sha'aninku. Abin da ya fi damuna da ma cikin yaran ne, kai kuma ka toshe wannan. Ban zaci za ka iya ba, na faɗa.

Ana son amsa kafin ƙarshen wata. Ban sa hannu ba. In ka ce in dawo, zan dawo. Ka faɗa mini kai tsaye.

Araceli

San Antonio, tsakiyar Agusta

Tsohuwata mai tsibiri,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya. An koma makaranta, na sayi takalma uku, na tsaya ina kallon nawa.

Wato yanzu kin gama da kifin bakin teku, za ki bi sauran har gida. Na jinjina miki. Na gaya wa gwiwata za a saya mana mota, ta yi ƙara, ina jin murna ce.

Kin ce in faɗa kai tsaye. Ni wa, da zan hana mai nema nema? Mutumin da matarsa ke ciyar da shi daga ƙarshen duniya ai ba shi da bakin ba da umarni. Ki yi abin da kika ga ya fi. Mu nan mun zama 'yan gida a wurin wasa, saura kaɗan su ba ni rigar zomo. Wurin ma ya fara gajiya da mu, ya rage kwanakin buɗewa, amma za mu san yadda muka yi. Gado kuwa tunda kika tafi ya yi faɗi, ina kwana a gicciye kamar gwamna, babu mai jan bargo, babu mai ce mini na cika minshari. In kin ƙara wata huɗu ina jin sai na yi ƙiba.

Nayeli ta ce a gaishe ki. Na ce ta rubuta da hannunta, ta ce ba ta da abin cewa.

Naki,
Beto

Alaska, ƙarshen Agusta

Heriberto, yau cikakken sunanka zan kira,

Na gode da amsa. Lafiyata ƙalau.

Na tambaye ka abu ɗaya, ka ba ni labarin bargo. Na nemi inda ka ce kuna bukatata a takardar, na juya bayanta ma, ban gani ba. Wata uku ina tsaye cikin ruwan sanyi ina ƙirga ranar da zan ga ƙofar gidana, ashe mai gidan yana jin daɗin faɗin gado. 'Yata kuma ba ta da abin ce mini. To madalla. Da ma tsoron da nake ji kenan, a saba da rashina, ga shi an saba.

Wannan ba zan karanta wa matan ɗaki ba.

Matar ofis za ta zo da takardun sati mai zuwa. Zan sa hannu. Daga nan za a wuce da mu tsibirin, zan aiko da sabon adireshi. Kuɗin wata yana hanya. Ka saya wa Paloma rigar sanyi tun yanzu, kafin su yi tsada.

Araceli

San Antonio, ranar da taki ta iso

Araceli,

Ina gaishe ki. Yau ba wasa a cikin takardar nan, in kin ga rubutun ya karkace shi ya sa, ban saba ba.

Tunda aka koma makaranta wurin ba ya buɗewa sai Asabar da Lahadi. Haka suke yi kowace shekara, kowa ya sani ban da ni. Katin yana aiki har Disamba, gaskiya ne, amma kwana biyu a sati. Sauran kwanakin, makaranta ke ba su na rana, na dare kuwa ni ne. Nayeli ce ke dafa taliya in ta dawo, ni ina yanka albasa ina yi mata surutu. Ran Asabar mukan je mu ci, mu naɗo abin da za mu iya. Babu wanda yake hawa komai kuma. Mu ci, mu zauna a benci, mu jira injin ya yarda, mu ci, mu tafi.

Na kai Paloma asibiti, cikinta ya ɗaure kwana da kwanaki. Likitar ta tambaye ni me take ci. Na fara ba ta amsa da raha, ta ɗago ta dube ni, na bar rahar. An ba ta magani, ta samu sauƙi. Ba ta yarda in taje mata kai, ta ce hannuna ciwo. Malamarsu ce ke gyara mata da safe.

Ga wadda ta fi. Asabar ɗin da ta wuce muna tsakiyar jiran nan, Nayeli ta shiga bayan gida ta daɗe. Na aiki Paloma, ta dawo ta ce yaya tana kuka, ta ce kada in zo. Na je na tsaya a ƙofar ban-ɗakin mata da sandata, mutane na wucewa suna kallona. Ina jin ihun masu lilo a bayana, ban san abin da zan yi ba. Wata mai shara, babbar mace, ta tambaye ni lafiya. Ta shiga, ta fito, ta ce mini yarinyar ta girma ne yau, in ba ta minti kaɗan. Ta je ta kawo abin da ake bukata daga jakarta, ta ɗaura mata rigarta ta sama a ƙugu. Ko sunanta ban tambaya ba.

A bas Nayeli ta zauna can nesa da ni. Da muka kusa gida ta matso, ba ta dube ni ba, ta ce, "Kada ka gaya wa Mama a takarda. Ina so in gaya mata da bakina." Na ce to. Sai ta ce, "Yaushe ne Disamba?" Ta san yaushe ne.

Ga shi na karya alkawarin da na yi mata. Abin da take nufi kenan da ba ta da abin cewa: abin da ke bakinta ba na takarda ba ne.

Maganar gado. Ina kwana a gefena, inda kika bar ni. Paloma ce ke kwana a naki. Na rubuta wancan ne don kunya ta hana ni in ce wa matar da ke tsaye cikin ƙanƙara saboda ni ta bar kuɗi ta dawo ta dafa wake. Har yanzu kunyar nake ji. Motar ni za ta amfana, na sani, kuma ni ne na faɗo na ja mana wannan duka.

Kin ce in faɗa kai tsaye. Ki dawo. Ba mu saba ba, ko kaɗan.

Ban sani ba ko wannan za ta riga matar ofis isowa. In ba ta riga ta ba, za mu jira Disamba, ba wanda zai mutu. Amma ki san da wace zuciya muke jira.

Beto

Alaska, farkon Satumba

Tsoho,

Ina lafiya. Ina fata cikin Paloma ya saki.

Hazo ya rufe mu, jirgin wasiƙu bai sauka ba sai jiya. Na riga na sa hannu tun ran Talata, har an ba ni lambar gado a tsibirin. A tsaye na karanta takardarka a bakin ofis, da takalman roba a ƙafata. Da na kai ƙarshe na koma farko ina neman inda za ka saka abin dariya. Da ban samu ba sai na zauna a kan matakala.

Na shiga na ce wa matar na fasa. Ta ce in yi tunani, wanda ya sa hannu ya janye ba a biya masa jirgi har gida, kuma ba lallai a sake kiransa baɗi ba. Na ce na ji. Ta tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce a'a, 'yata ce ke son magana da ni. Sai ta jawo takardar ta ja layi a kai.

Za su sauke ni a Seattle, daga nan bas zan biyo, kwana uku ne ko fiye. Ina sa ran isowa ran Alhamis ta sama, zan kira ka daga hanya in waya ta kama. Babu mota bana, wataƙila har baɗi. Ina faɗa maka tun yanzu don kada wata rana in gaji in goranta maka, ko kai ka zauna kana cin kanka. Ni na zaɓa.

Kada ka gaya wa Nayeli na sani. Zan jira ta faɗa mini da bakinta, kuma zan yi kamar yau na fara ji. Ka sayo wake da tumatir da garin masara, ka ajiye, kada ka taɓa su.

In ka zo tasha ka taho da yaran duka. Za ka ga na rame, gashina ma na yanke shi. Kada ka ce komai a kai, kada ka ba ni dariya. Ka karɓi jakar kawai. In na yi barci na tashi, sai ka ba ni labarin tun daga farko, yadda ka iya.

Taka,
Araceli